Jagorar Tafiya Hutu a Ƙaramin Jirgin Ruwa na Alfarma Cikin Tsibiran Raja Ampat

Raja Ampat tarin tsibirai ne a can ƙarshen gabashin Indonesiya, daura da kan babban tsibirin Papua. Ma'anar sunan "sarakuna huɗu", saboda manyan tsibirai huɗu da suka mamaye yankin: Waigeo, Batanta, Salawati da Misool. Kewaye da su akwai ƙananan tsibirai da duwatsu da tudun yashi fiye da 1,500, galibinsu ba mazauni. Abin da ke kai mutane can yana ƙarƙashin ruwa: nau'in murjani sama da 500, wato kusan kashi uku cikin huɗu na duk wanda aka sani a duniya, da nau'in kifi fiye da 1,400. A 2012 masanin kifi Gerry Allen ya ƙirga iri 374 a nutso ɗaya tak, a bakin tsibirin Kri.

Babu titi tsakanin waɗannan wurare, masaukin ƙasa kuma yana ɗaure mutum a kusurwa ɗaya. Shi ya sa ake ɗaukar ƙaramin jirgin ruwa wanda shi ne masauki, shi ne ɗakin cin abinci, shi ne mota. Da dare yana tafiya kana barci, da asuba ka farka a wani tsibiri. Sai dai mai son wannan tafiya ya san cewa shimfiɗa mai laushi da hoton ɗaki su ne ƙarshen abin dubawa. Kuɗinka yana sayen wata mai kyau, hanya mai ma'ana, da jirgin da ma'aikatansa suka san aikinsu. Da zarar an ɗaga anka daga Sorong, birnin gaɓar Papua inda ake shiga jirgin, ba kanti, ba babban asibiti, ba sauya jirgi. Duk abin da za a gyara, a tudu ake gyara shi.

Fara da zaɓen wata

Lokacin da teku ta fi kwanciya shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi, kuma Misool, da ke kudu a buɗe, ita ta fi shan wuya. A waɗannan watanni yawancin jirage na barin yankin su koma Komodo, wani yankin tsibirai na Indonesiya, su dawo idan iska ta faɗi. Idan ka ga an karya farashin tafiyar Misool a watan Yuli, iska ce ta karya shi.

Ruwan sama kuwa babu watan da ba a yi. Yana zuwa da ƙarfi, ya yi awa ɗaya ko biyu ya wuce. Zafin ruwan teku yana tsakanin digiri 28 da 30 duk shekara. Disamba zuwa Fabrairu ana yawan ganin kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, domin ƙananan halittun da yake ci sun yawaita. Amma yawansu na sa ruwa ya ɗan yi duhu, ba a hangen nesa sosai. Ƙarshen Disamba kuma shi ne mafi tsada da cunkoso.

Akwai abu guda da masu tallar tafiya ba su cika faɗa ba. Jan ruwa ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa, lokacin da cikowa da janyewar teku suka fi girma. Wanda ya saba da kalandar Musulunci ya samu sauƙi: kwanakin da ke kusa da 1 da 15 ga wata ruwa na gudu sosai, kifi ya taru, gwanaye su ji daɗi, kusa da 7 da 22 ruwa ya fi laushi, ya fi dacewa da sabon shiga da yara.

Wane irin jirgi?

Iri uku ne. Na farko shi ne pinisi, jirgin katako mai dirka biyu da zannuwan iska bakwai, wanda masassaƙan Bulukumba a kudancin Sulawesi ke ƙerawa da hannu a bakin teku. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya a 2017. Na alfarma daga cikinsu suna da ɗakuna biyar zuwa goma sha biyu. Kada zannuwan su ruɗe ka: da inji ake tafiya, ana buɗe zannuwa ne idan iska ta dace ko don hoto. Gudunsa bai cika wuce kilomita 13 zuwa 17 a awa ba. Katako yana kuka da dare, yana kuma jujjuyawa idan igiyar ruwa ta bugo ta gefe.

Na biyu jirgin ƙarfe ne matsakaici, mai ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin da 'yan kai. Misali Aqua Blu, tsohon jirgin sojan ruwan Birtaniya mai tsawon mita 60, da aka mayar da shi mai ɗakuna 15. Irin waɗannan sun fi sauri, wasunsu kuma suna da na'urar rage tangaɗi, abin da mai saurin jiri zai yi wa godiya. Na uku su ne masu ɗaukar fasinja ɗari zuwa ɗari biyu. Suna da likita da faffaɗan ɗaki, amma ba sa shiga lungu, kuma sauke mutum ɗari a ƙaramin ƙauye ko kan murjani ɗaya ya kore shirun da aka je nema. Girma ma yana da nasa haɗari: a Maris 2017 wani jirgin yawon buɗe ido mai tsawon mita 90 ya hau kan murjani kusa da Kri lokacin da ruwa ya janye, ya lalata fiye da murabba'in mita 13,000. Ga wannan yanki, mutum 10 zuwa 30 shi ne daidai.

Sai ka bambance jirgin masu nutso da na kowa da kowa. Jirage da yawa an tsara su ne don masu nutso da tukunyar iska, sau uku ko huɗu a rana. Wanda ba ya nutso zai wuni a zaune yana kallon ruwa. Idan tafiyar ta iyali ce, nemi jirgin da jadawalinsa ya haɗa iyo a saman ruwa, kwale-kwale, hawan dutse, kallon tsuntsaye da ziyarar ƙauye, kuma yana da jagora na musamman don masu iyo a sama. Iyali ko abokai da suka kai takwas zuwa goma, ɗaukar shatar jirgin gaba ɗaya ya fi: ku ne masu tsara abinci, lokacin tashi, da ko za a ajiye giya a jirgin ko a'a.

Kafin ka biya ko sisi, aika wa kamfanin tambayoyin nan a rubuce, ka ajiye amsar. Shin akwai mai gadi da ke farke yana zagayawa duk dare? Akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki? Ɗakunan ƙasa suna da mafita biyu? A ina ake cajin batura, kuma ana barin su a wuta da dare? Waɗannan huɗu sun shafi gobara, wadda ita ce babbar barazana ga jirgin katako, ta fi nutsewa. Sannan ka tambayi yawan kwale-kwalen ceto da ranar da aka duba su, wayar tauraron ɗan adam, na'urar aika siginar neman agaji, yawan iskar oksijin, da shekarar da aka fitar da jirgin tudu don gyara. Ka tambayi ƙananan jiragen da ke kai mutane gaɓa guda nawa ne. Ɗaya tak ga mutum goma sha shida na nufin rabin lokacinka zai tafi a jira. Kamfanin ƙwarai yana amsa waɗannan cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya aiko maka da hotunan faɗuwar rana a madadin amsa, ka nemi wani.

Ɗaki kuma, mafi tsada ba shi ne mafi daɗin barci ba. Babban ɗakin sama na baya yana da tagogi da baranda, amma shi ya fi lilo. Na can gaba yana dukan igiyar ruwa, ga ƙarar sarƙar anka da asuba. Na kusa da inji yana da zafi da gunjin janareta. Wanda ke tsoron jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawan ƙasa. Ka nemi taswirar jirgin, ka zaɓi lambar ɗaki, a rubuta ta cikin yarjejeniya.

Arewa, kudu, ko duka biyu

Kwana bakwai ba ya isa a ga ko'ina. Daga Sorong zuwa Misool tafiyar dare guda ce cur, tsibiran Wayag kuma suna can ƙuryar arewa maso yamma. Jadawalin da ya yi alkawarin duka biyun a mako ɗaya, rabinsa zai ƙare a tafiya. Mai mako ɗaya ya zaɓi gefe guda. Mai son duka ya ɗauki dare 10 zuwa 12.

Hanyar tsakiya da arewa ta ratsa mashigin Dampier, tsakanin Waigeo da Batanta, inda Kri da ƙauyen Arborek suke. Daga nan sai Piaynemo, inda matakalar katako mai hawa ɗari uku da wani abu ke kai mutum kan dutse ya hango ƙananan tsibirai kore a cikin shuɗin ruwa. Wannan kowa na iya hawa idan ya bi a hankali. Wayag ta fi ta kyau da girma, amma ba matakala: hawa ne da hannu da ƙafa a kan dutsen farar ƙasa mai kaifi kamar wuƙa, kimanin rabin awa. Ana buƙatar takalmi mai rufi da safar hannu, kuma a hau kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan la'asar. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya zauna a ƙasa, ya zagaya tafkin a kwale-kwale, bai yi asara ba. A kan hanya, kusa da tsibirin Kawe, ana tsallake layin da ya raba duniya arewa da kudu.

A wannan hanya ne ake ganin tsuntsayen da mutanen wurin ke kira cendrawasih. Ja daga cikinsu yana Waigeo da Batanta da Gam, shi ne wanda masanin halittu Alfred Russel Wallace ya zauna nema a nan a 1860. Ana tashi ƙarfe huɗu da rabi na asuba, a bi jagora ɗan ƙauye cikin daji da tocila, a zauna shiru ƙarƙashin bishiyar da namijin ke rawa a kanta da fitowar rana. Wanda ya makara da rabin awa ya sha tafiyar banza.

Misool ta fi nisa, ta fi shiru, murjaninta mai laushi ya fi launi. Akwai kogon Tomolol da ake ratsawa da iyo, zane-zanen hannu na mutanen da a jikin duwatsu, da tafkuna masu cike da wata halitta mai kama da lema wadda harbinta ba ya cutar da mutum. A irin wannan tafki ba a sa filafilan ƙafa, ba a shafa mai a jiki, domin duka biyun suna cutar da halittar.

Kuɗi, da abin da ba ya cikin farashi

Ana lissafi ne da mutum ɗaya a dare ɗaya, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Jirgi mai kyau yana farawa daga wajen dala 400 zuwa 600, na alfarma sosai kuma ya haura dala 1,000. Mai son ɗaki shi kaɗai zai ƙara rabi ko ma ninkin kuɗin. Ana ba da kafin alƙalami na kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, a cika sauran kwana 60 zuwa 90 kafin tashi, kuma bayan wannan wa'adi yawanci ba a mayar da komai. Jirage masu suna kan cika shekara guda kafin lokaci.

Farashin ya ƙunshi ɗaki, abinci, jagora da fita yau da kullum. Abin da ake yawan cirewa: tikitin jirgin sama, kuɗin shiga gandun teku da na ƙaramar hukuma, kuɗin tashar ruwa, ƙarin kuɗin mai idan ya yi tsada, hayar kayan nutso, wanki, da tukuicin ma'aikata, wanda aka saba bayarwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin tafiya, a ambulan guda a daren ƙarshe. Wasu ƙauyuka ma suna karɓar nasu kuɗin kafin a shiga yankinsu. Ka sa kamfani ya jera maka duka a takarda ɗaya da jimilla. Idan ta hannun dillali ka bi, ka tabbata jirgin da kansa ya aiko maka da shaidar an riƙe maka ɗaki, kuma asusun da za ka tura kuɗi na kamfani ne, ba na wani mutum ba.

Inshora wajibi ce, kuma ba irin mai arha da ake saya don cika sharuɗɗan biza ba. Ka duba ta ƙunshi kwashe mara lafiya ta jirgin sama zuwa wata ƙasa, soke tafiya, da makara saboda jirgin sama. Mai nutso ya ƙara inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, domin ɗakin matsin iska da ake jinyar ciwon nutso yana nesa da yawancin wuraren da jirgi ke kwana.

Biza, rigakafi da jirgin sama

Mai fasfon Najeriya ya fara da biza tun kafin ya kulle kuɗi. Indonesiya ta daɗe da sa Najeriya cikin 'yan ƙasashen da sai hukumar shige da fice a Jakarta ta yi bincike na musamman kafin a ba su izini, kuma sai an samu mai tsaya wa mutum a cikin ƙasar. Abin na cin makonni. Ka tuntuɓi ofishin jakadancin Indonesiya a Abuja, ka tambayi kamfanin jirgin ko zai tsaya maka, ka kuma nemi a rubuta cewa za a mayar maka da kafin alƙalaminka idan biza ba ta fito ba. Masu fasfon sauran ƙasashe su ma su tabbatar da matsayinsu tun da wuri. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla.

Wanda ya fito daga ƙasar da ke da cutar shawara, kamar Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan, ya riƙe katin rigakafinta. Allurar tana fara aiki kwana goma bayan an yi ta. Papua kuma yankin maleriya ne, har da nau'in da ke ɓuya a hanta ya dawo bayan watanni, kuma klorokwin ba ya aiki sosai a can. Kada a ce ai mun saba da sauro. Likita zai zaɓa tsakanin atovaquone-proguanil, da ake farawa kwana ɗaya ko biyu kafin isa a ci gaba kwana bakwai bayan fita, da doxycycline, da ake ci gaba da sha mako huɗu kuma yana sa rana ta fi ƙona fata. Masu nutso suna guje wa mefloquine saboda jirin da yake iya kawowa. Duk magani mai ƙarfi, musamman tramadol ko mai kodin, a tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Dokar ƙwaya a Indonesiya ba ta wasa.

Hanya ita ce ta Doha, Istanbul ko Dubai zuwa Jakarta, sannan jirgin cikin gida zuwa filin Domine Eduard Osok na Sorong. Kai tsaye awa huɗu ne, yawanci a tashi tsakar dare a sauka da safe. Wasu na yada zango a Makassar. Agogon Sorong yana gaba da na Kano da Yamai da awa takwas. Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne sauka a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Jiragen cikin gida na sauya lokaci, kaya na makalewa a Jakarta, jirgin ruwa kuma ba zai tsare mutum goma sha biyar saboda mutum ɗaya ba. Wanda ya rasa shi sai ya yi hayar jirgi mai gudu ya bi bayansa da kuɗinsa. Ka iso Sorong kwana ɗaya kafin lokaci, ka kwana a otal, ka ciri rupiah, kuɗin ƙasar, a na'urar banki a nan, domin bayan Sorong da Waisai, babban garin Raja Ampat, babu wata. Dalar da za ka riƙe ta zama sabuwa, ba yagewa ba rubutu.

Kaya

Jaka mai laushi wadda za a naɗe a tura ƙarƙashin gado ta fi akwati. Jiragen sama na cikin gida suna da iyakar nauyin kayan da suke bari. A jirgin ruwa ba a sa takalmi, don haka ka riƙe mai rufi ɗaya na hawan dutse da silifa mai maɗauri na shiga ruwa. Tufafi marasa nauyi kala huɗu ko biyar sun isa. Ka sayi rigar iyo mai dogon hannu da dogon wando: tana kare rana da harbin ƙananan halittu, tana kuma suturta jiki, mata su haɗa da hular iyo mai rufe wuya maimakon mayafi da zai naɗe fuska a ruwa. Ƙara man kare rana mai lamba 50 wanda babu oxybenzone a ciki, maganin sauro, tocilar goshi, madubin hangen nesa da jakar da ruwa ba ya shiga. Soket ɗin Indonesiya mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Ɗan Nijar ba shi da matsala, ɗan Najeriya da Ghana su nemi adafta. Batura da fawa-bank a jakar hannu suke tafiya, ba cikin kayan awo ba.

Gilashin fuska na gani a cikin ruwa kuwa gara ka saya naka. Gwajinsa: ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci, idan ya manne, ya yi daidai. Gashin baki na sa ruwa ya shiga, ɗan baselin a kansa yana toshe kafar.

Cikin ruwa

A nan ne tafiyar take, a nan ne kuma haɗarinta. Wanda bai iya iyo ba ya yi wata biyu ko uku yana koyo a wurin wanka na otal ko filin wasa kafin tafiya, har ya iya yin mita 50 ba tsayawa, ya kuma saba numfashi ta bututu fuska na cikin ruwa. Iya ruwa fidda kai. Ko ka iya, sa rigar ceto a kwanakin farko ba abin kunya ba ne.

Ana fita sau biyu ko uku a rana, kowace fita kimanin awa ɗaya, bayan jagora ya zana taswirar wurin ya nuna inda ruwa ke ja. A Dampier ba a kokawa da ruwa. Ƙaramin jirgi yana sauke ku a sama, ruwa ya ɗauke ku a hankali bisa murjani, jirgin na biye. Idan ka ji ruwa ya fi ƙarfinka, kada ka yi ƙoƙarin komawa inda ka fito. Kwanta, ka ɗaga hannu ɗaya sama, za a zo a ɗauke ka. Mutane na shiga matsala ne ta hanyoyi uku: bin kififiya ko kifi har su rabu da ayari, kusantar ƙarshen tsibiri inda ruwa biyu ke haɗuwa su ja waje, da gajiya saboda buga ƙafa da sauri cikin firgici.

Ba a taɓa komai, ba a tsayawa kan murjani. Dalili biyu ne: murjani dabba ce mai rai da ke ɗaukar shekaru kafin ta girma, kuma cikinsa akwai kifi mai kama da dutse mai dafi a ƙayarsa, da dodon koɗi mai tsini wanda harbinsa na iya kisa. Manta a ba shi tazarar mita uku, a kwanta shiru. Shi da kansa yake matsowa. Kifin shak na wurin ƙanana ne masu gudun mutum, kuma tun 2010 aka ayyana yankin mafakarsu. A dazukan bakin ruwa masu saiwa a cikin laka akwai kada, saboda haka ba a shiga sai inda jagora ya ce.

Idan murjani ya yanke ka, ko ƙanƙane ne, wanke shi nan take da ruwan sha da sabulu, ka goge sosai har ɓurɓushin ya fita, ka sa aidin, ka sake dubawa kullum. A wannan zafi da laima ƙaramin ƙwarzane na ruruwa cikin kwana biyu. Harbin halitta mai lema ta cikin teku, wadda ba kamar ta tafki ba tana iya cutarwa, a zuba ruwan binega, kada a murza. Sukar ƙayar kifi a jiƙa a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45. Kunne a ɗauraye shi da ruwan sha bayan kowace fita a busar, don ciwon kunne ya fi komai hana mutane shiga ruwa a rabin tafiya.

Jiri da tashin zuciya kuma ana tarar su ne tun kafin su zo. A sha meclizine ko cinnarizine awa ɗaya ko biyu kafin doguwar tafiya. Mannin scopolamine na bayan kunne ana liƙa shi awa huɗu kafin lokaci, ya yi kwana uku. Ka tambayi kyaftin daren da za a tsallaka buɗaɗɗiyar teku. A daren nan ci kaɗan, guji maiƙo, ajiye waya. Idan ya fara, fito fili a tsakiyar jirgi ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Citta tana taimakawa.

Sallah, abinci da shiga ƙauye

Bahaushe ya saba gabas ita ce alƙibla. A nan ta juya: Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 291 a kamfas. Jirgi a kan anka yana juyawa da iska da ruwa, don haka a sake dubawa kowace sallah. Kamfas ɗin waya na ruɗewa kusa da ƙarfe da inji, gara a leƙa na ɗakin kyaftin. Rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi shida da 'yan mintuna kusan duk shekara. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ma'aikatan pinisi da yawa Musulmi ne daga Sulawesi, su za su nuna maka inda suke shimfiɗa darduma. Banɗakunan suna da bututun tsarki, amma kada a jefa takarda ko wani abu a masai, bututunsa siriri ne. Ruwan wanka daga teku ake tace shi da inji, a yi tattalinsa.

Abinci kifi ne da shinkafa da kayan lambu da 'ya'yan itace, sai kaza da nama daga Sorong. Jiragen da ke ɗaukar Turawa kan ajiye naman alade da giya, har a sa giyar a miya. Ka rubuta buƙatarka wata guda kafin tafiya, domin sayayya sau ɗaya ake yi, sannan ka maimaita wa kuku baki da baki ranar farko. Kalmar halal kowa ya san ta. Babi ita ce alade. Mai son yaji ya nemi sambal.

Ƙauyukan Dampier irin su Arborek da Sawinggrai galibi Kiristoci ne, ranar Lahadi ba sa son hayaniya. A kudancin Misool akwai ƙauyukan Musulmi, gadon tsohuwar alaƙa da masarautar Tidore. Ko'ina ne, a rufe kafaɗa da gwiwa, a gaisa, a nemi izini kafin hoto. Akwai al'adar sasi, inda gari ke rufe wani yanki na teku ko daji na wani lokaci don abin da ke ciki ya hayayyafa. Idan aka ga alama ta ganye a kan sanda, ba a kamun komai a wurin. Maimakon raba wa yara alewa, a sayi hula ko jakar saƙa daga matan gari, ko a miƙa littattafan rubutu ga malamin makaranta.

Ranar dawowa

Jirgi yakan shiga Sorong da dare ko da asuba, a sauka bayan karin kumallo. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kwanaki a jere kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla, jirage da yawa ma 24 suke sawa, domin iskar naitirojin da ta rage a jini na iya kumfa idan matsin iska ya ragu. Tikitin Sorong zuwa Jakarta ya kasance na bayan ƙarfe goma na safe, kuma tsakaninsa da babban jirgin komawa gida a bar dare guda, musamman idan tikitin biyu ba a haɗe suke ba. Kada a sa murjani, koɗi ko gashin tsuntsu a jaka, ana kamawa a filin jirgi. A ci gaba da shan maganin maleriya har wa'adinsa ya cika, kuma duk zazzaɓin da ya taso cikin watannin da suka biyo baya a gaya wa likita an je Papua.